Littattafai Uku: Tarihin Rubuta Kamu, Shari'a da Tsarewa a Mubi

Wanda 'yan sanda suka kama a Mubi, sunansa kan shiga littattafai uku: littafin caji ofis, rajistar kotu, da littafin karɓar fursunoni na gidan yari. Kowanne yana hannun wata hukuma dabam, kuma babu wani ofishi guda da za a shiga a ga ukun a haɗe. Shi ya sa idan aka ɗauke wani yaro daga Lokuwa ko Kolere ko Sabon Layi da daddare, iyayensa kan wuni suna zirga-zirga tsakanin ofisoshi kafin su san inda ya kwana. Wannan rarrabuwa tana da tarihi, kuma ma'aikatan rajista da suka daɗe a bakin aiki sun san cewa wanda ya fahimci tarihin ya fi saurin gano takarda.

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Mubi tana cikin daular Fombina ta Lamiɗon Adamawa. Alƙali kan yanke hukunci bisa littattafan Malikiyya, shaida kuma ta baka ce, abin da aka fi rubutawa shi ne wasiƙu da rabon gado. Jamusawa sun kafa sansani a Mubi a 1903, Ingilishi suka karɓe garin a 1914, daga baya yankin ya zama ƙasar amana da ake mulka tare da Lardin Adamawa. Da haka ne tsarin kotunan En'e, wanda Gwamna Lugga ya fara shimfiɗawa da dokokin 1900 da 1906, ya iso nan.

Abin da tsarin ya kawo sabo shi ne tilasta rubutu. Aka kasa kotunan alƙalai daraja huɗu, daga A zuwa D, kowace da iyakar hukuncin da za ta iya yankewa, aka kuma ba kowace littafin shari'a da littafin rasit. Malamin kotu yana zaune gefen alƙali a kan tabarma, yana rubuta sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, da abin da ake jayayya a kai, da shaidu, da hukunci, da tarar da aka biya. Larabci ne harshen littafin a yawancin kotuna, sai daga baya boko ya shigo. Idan Di'o ya fito rangadi, littafin kotu na cikin abubuwan farko da yake cewa a kawo masa, a karanta masa shari'u ɗaya bayan ɗaya, ya rage hukunci ko ya sa a sake sauraro, sannan ya gwada kuɗin tara da abin da ya shiga baitulmali. Gaskiya ce cewa kuɗin ya fi damun Turawa, amma wannan binciken ne ya sa aka riƙa kula da littattafan. Irin waɗannan rubuce-rubuce na majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas, na 1913 da 1914, sun tsira har masanin tarihi Allan Christelow ya fassara su ya buga a 1994. Takardun Lardin Adamawa kuwa, mai nemansu sai ya tafi gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

A wancan zamani littattafan uku duk na gida ɗaya ne. Ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, yari ma na En'e ne. Neman mutum bai da wuya, domin mai unguwa kan je wurin hakimi ya dawo da labari kafin la'asar. Sai dai sauƙin yana da tsada: hannun da ya kama shi ne ya yi shari'a, shi ne kuma ya tsare. 'Yan adawar siyasa na shekarun 1950 a Arewa, musamman 'yan NEPU, sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan tsari, kuma koke-kokensu na cikin dalilan da suka sa aka rushe shi.

Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, yankin ya shiga Nijeriya a ranar 1 ga Yuni na shekarar, da sunan Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwatarsa. Ya tarar da Jihar Arewa ta riga ta fara aiki da kundin Final Kot da dokar tsarin shari'ar laifuka tun 1960. Daga wannan doka ta biyu ce aka samu takardar da har yau ake kira FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda ke kai wa kotu, mai ɗauke da sunan wanda ake tuhuma, da laifin, da sashen dokar da ake cewa ya karya. Babban sauyi ya zo a zamanin mulkin soja. Daga 1 ga Afrilun 1968 kotunan En'e suka koma kotunan yanki ƙarƙashin sashen shari'a na jiha, gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya, 'yan doka kuma a hankali aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Tun daga nan littafin farko da na uku suka zama na tarayya, na tsakiya ya zama na jiha. Ita jihar ma ta yi ta sauya suna da hedkwata: Arewa maso Gabas a 1967 da hedkwata a Maiduguri, Gongola a 1976, Adamawa a 1991, kuma sauyin hedkwata ya ja kwasar fayil daga wannan gari zuwa wancan.

A caji ofis, littafin da ya fi muhimmanci shi ne na kan kanta, inda ake shigar da duk abin da ya faru da sa'arsa: ƙorafin da aka kawo, wanda aka kamo, ɗan sandan da ya kamo shi. Akwai kuma littafin waɗanda ke bayan kanta da na kayan da aka karɓa daga hannunsu, kamar waya da kuɗi. Ba a miƙa wa kowa waɗannan littattafai ya duba. Abin da dangi ke iya samu shi ne tabbacin cewa mutumin yana nan, da sunan ɗan sandan da ke binciken, da laifin da ake zargi. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kuma Mubi ba ta rasa kotu ba. Manyan laifuka irin su kisa da fashi da makami akan tura su sashen binciken manyan laifuka a Yola, to daga nan sawun mutum ya bar garin. Sannan ba 'yan sanda kaɗai ke kamu ba. Wanda hukumar NDLEA ta kama, ƙararsa Babbar Kotun Tarayya ta Yola take zuwa, wanda sojoji ko jami'an tsaron farin kaya suka ɗauka kuwa sunansa ba zai fito a littafin caji ofis ba sai an miƙa shi.

Rajistar kotu ita ce ƙofar da doka ta fi buɗe wa jama'a, kuma a nan ne ya kamata mai nema ya fi ba da ƙarfi. Da zarar FIR ta iso, magatakarda zai ba ƙarar lamba mai ɗauke da alamar kotun da shekara. Wannan lamba ita ce mabuɗin komai. Suna kaɗai ba ya wadatarwa a garin da ake da Muhammadu da Adamu da Yakubu ba iyaka, ga shi kuma ɗan sanda kan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, Bafulatani ko Bagude ko Bafali ya faɗa da lafazinsa, a rubuta da wani. Wanda ba shi da lamba sai ya zo da ranar da aka fara gurfanar da mutumin, a bi littafin shafi-shafi. Kotunan Mubi sun haɗa da kotunan yanki da babbar kotun yanki da kotun majistare da babbar kotun jiha, kowace da rajistarta. Mai son kwafin shari'a yana rubuta takardar buƙata zuwa ga rajistara, ya biya kuɗin da aka ƙayyade, ya karɓi rasit. Kwafin da ke da amfani a gaban wata kotu shi ne wanda aka buga wa hatimi, jami'in ya sa hannu da sunansa da muƙaminsa da kwanan wata, kamar yadda sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada. Wanda aka yanke wa hukunci yana da haƙƙin samun kwafin hukuncin cikin kwana 7, bisa sashe na 36 na tsarin mulki, kuma jinkiri a nan yana cin lokacin ɗaukaka ƙara. Shari'un ƙananan yara dabam suke, ana kare sunayensu, kuma daidai ne a yi hakan.

Gidan yari ba ya karɓar kowa sai da waranti mai sa hannun alƙali, ko na tsarewa zuwa ranar da aka ɗage ƙara, ko na zaman hukunci. Ofishin rikodi ne ke ajiye warantin, ya ba fursuna lamba, ya lissafa ranar fitarsa. Gandurobobi na cewa waranti shi ne mutum, domin idan ya ɓata ko fayil ɗin ya maƙale a ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar daraktan gabatar da ƙararraki, mai jiran shari'a na iya shafe shekaru ba a kira sunansa ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, kuma ɓatan takarda na da hannu a wannan adadi. Lokacin da Babban Jojin jiha ya kai ziyarar rage cunkoso, waɗannan warantoci ake zubewa a gabansa.

Mubi ta ga abin da ke faruwa idan littattafan suka rasa mai tsaro. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye garin, suka fasa gidan yari, ma'aikata da jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru, sai a watan Nuwamba aka ƙwato shi. Sau da yawa takarda guda ce tal a kan kanta ko cikin kabad, ba ta da kwafi a wani ofishi, don haka duk mai neman tsohuwar shari'a a yankin yana da kyau ya fara da abin da ke hannun masu ƙarar da lauyoyinsu, da abin da aka taɓa aikawa Yola don ɗaukaka ƙara.

Dokokin baya-bayan nan duk ƙoƙari ne na sake ɗinke littattafan uku ba tare da an mayar da su hannu ɗaya ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Adamawa ta yi tata a 2018, ta wajabta rubuta cikakken bayanin wanda aka kama, har da hoto da zanen yatsa, ta ɗora wa 'yan sanda kai wa majistare rahoton wata-wata na waɗanda aka kama ba waranti, ta kuma umarci majistare ya riƙa ziyartar caji ofis kowane wata yana duba littafin kamu. Dokar 2019 da ta mayar da sunan gidan yari gidan gyaran hali ta nemi a adana bayanan fursunoni a kwamfuta. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, ko da yake ta keɓe abin da zai ɓata bincike ko ya tona sirrin wani. Takardar shaidar cewa mutum ba shi da tarihin laifi, wadda masu fita waje ke nema, daga babbar rajistar laifuka ta 'yan sanda da ke Alagbon a Legas take fitowa, yanzu kuma ta intanet ake cike buƙatarta. Ga wanda ba shi da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna da ofisoshi a Yola, kuma wasiƙarsu kan sa a buɗe littafin da aka ƙi buɗe wa dangi.