Daga Rumbun Gero Zuwa Duniyar Wata: Waiwaye Kan Labaran Sararin Samaniya Na Hausa

Ranar Laraba 29 ga Maris, 2006, ina aji uku na firamare a ƙauyenmu da ke arewa da Ɗambatta, rana ta yi husufi. Da hantsi ne, muna cikin aji, sai muka ga haske yana dusashewa kamar magariba ta kawo jiki. Kaji suka nufi akurki, dattawa suka nufi masallaci, mu kuwa aka yi ta daka mana tsawa kada wanda ya ɗaga kai. Daga baya muka ji a rediyo cewa a Katsina da Gusau da Maraɗi rana ta rufe ruf, har na 'yan mintoci.

A daren nan na ɗauko littafin lissafina mai falle arba'in, na juya shi ta baya, na soma rubuta labari a gaban fitilar ƙwai. Labarin wani yaro ne, Tanko, wanda ya ɗaura wa rumbun geron babansa fukafukan kara, ya zuba kalanzir, ya tashi sama. To, mai karatu, ka san abin da ya kai shi wata? Gona ya je nema. A shekarar aka raba gadon kakanmu, gonar da a da sai an yi mata gayya ta koma 'yan falle-falle tsakanin mutum tara, har Baba da Kawu suka daina gaisawa saboda itacen ɗorawa guda da ya faɗo a kan iyaka. Duk wanda ya san yankinmu ya san babu daji. Gona na jingine da gona tun daga bayan gida har gari na gaba. Shi ya sa Tanko ya tafi inda babu iyaka, babu mai cewa nan nawa ne.

A lokacin na ɗauka ni na fara irin wannan rubutu da Hausa. Ashe an riga ni da shekara talatin da bakwai.

Bari mu koma baya kaɗan. Bahaushe bai taɓa rasa labarin tashi sama ba. A tatsuniya Gizo ya ari gashin tsuntsaye ya tashi, kuma manomi ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki, ya san Kaza da 'Ya'yanta. Da boko ya zo, a 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam da "Ganɗoki" na Bello Kagara, aka buga su a 1934. Dukkansu biyun tafiya ce zuwa duniyar da ido bai saba gani ba: Alhaji Imam ya bi uwa duniya neman ruwan magani har ya haɗu da aljannu, Ganɗoki kuma ya bar fagen yaƙi da Nasara ya faɗa ƙasashen aljannu. A farkon shekarun 1950 sai ga "Iliya Ɗan Maiƙarfi" na Ahmadu Ingawa. A duk waɗannan, abin hawan jarumi doki ne, ko aljani, ko sihiri.

Shekarar 1969 ce ta sauya abin hawan. Ranar 20 ga Yuli na shekarar, Nijeriya na tsakiyar yaƙin basasa, Neil Armstrong na Amurka ya taka duniyar wata. A ƙauyenmu har gobe akwai dattijon da in ka faɗi haka zai ce maka, "Yaro, ka ji tsoron Allah." Amma a wannan shekarar ce kamfanin NNPC na Zariya ya buga "Tauraruwa Mai Wutsiya" na Umaru Dembo, labarin wani yaro mai suna Kilba da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka suka tafi yawon buɗe ido can sama. Ka ga ke nan ba a bar mu a baya ba. A shekarar da duniya ke kallon wata, akwai Bahaushen da ya riga ya tura ɗansa can da alƙalami.

Abin tambaya shi ne, me ya sa ƙofar da Dembo ya buɗe ba ta samu masu shiga ba? Daga tsakiyar shekarun 1980, da marubuta suka fara buga littattafansu da kansu a Kano, soyayya ce ta ci kasuwa, musamman bayan fitowar "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino. Labaran al'ajabi ba su mutu ba, sai dai sun koma ga takobi da matsafa da sarakunan aljannu, irin littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda yayyenmu ke karɓowa haya ran Lahadi in sun je cin kasuwar Ɗambatta. Mu ma mun karanta, har bango ya cire. Amma kumbo da taurari sun ɓace daga shafi.

Fim ma haka ya bi. Tun daga "Turmin Danya" na Tumbin Giwa a 1990, masana'antarmu ta taɓa tatsuniya, misali "Daskin Da Riɗi" na kamfanin Sarauniya, amma waƙa da rawa da auren dole suka fi yawa. Sai ya zamana baƙon sama na farko da tsararrakina suka gani a allo Ba'indiye ne, wato Jadoo na fim ɗin "Koi... Mil Gaya" na 2003, wanda muka kalla a gidan kallo, janareto na ƙugi a bayanmu. A wannan shekarar ce kuma, a watan Satumba, aka harba wa Nijeriya tauraron ɗan'adam ɗinta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha. Ƙasa ta kai ƙarfe sama, amma labarinmu yana ƙasa.

In ka tambayi furodusa, amsar ba ta wuce biyu: babu kuɗi, kuma wai 'yan kallo ba sa so. Ni dai a matsayina na mai sharhin fim ban gamsu ba. Yaran da suka cika gidan kallo saboda Jadoo ai ba daga Bambai aka kwaso su ba. Batun kuɗi kuma, abin da ke riƙe irin wannan fim dalilin tafiyar ne kafin kumbon. Alhaji Imam magani ya je nema, Tanko gona. Wannan dalili namu ne, ba aro muka yi ba, kuma duk wanda aka taɓa raba gado a gidansu zai zauna ya kalla ko da rumbun kara ne ya tashi.

Littafin Dembo bai shigo hannuna ba sai a 2017, ina karatun difloma, wajen wani mai tsofaffin littattafai a Kasuwar Kurmi. Na karance shi a zama ɗaya, ina jin daɗi ina jin haushi. Da na same shi ina ɗan shekara tara, da na san hanyar da na hau akwai sawu a kanta.

Nawa littafin kuwa? Wani malaminmu ya kama ni da shi a aji, ya ce shirme ne, na sha bulala uku. Na ɓoye shi a cikin jinkar ɗakin Inna. Da na tuna da shi bayan damina biyu, na ce, "Inna, ina littafin nan nawa?" Ta ce, "Ɗan nan, ai gara ta riga ka." Falle huɗu na tsira da su. Ba ni kaɗai ba ne. A ajinmu akwai yarinyar da ta rubuta labarin rijiyar da in ka faɗa sai ka ɓullo a wata duniya, akwai wanda ya ƙera jirgin langa-langa ya rubuta masa tarihi. Ko ɗaya bai kai yau ba.

Saboda haka kirana ga ƙungiyoyin marubuta da malaman Hausa shi ne a mai da "Tauraruwa Mai Wutsiya" hannun yara, har na karkara. Masu shirya fim su sake duba shi. Iyaye da malamai kuma, in kun ga yaro ya juya littafin lissafi ta baya yana rubutu, ku karanta kafin ku ɗauki bulala, sannan ku sama masa wurin ajiya da ya fi jinka. Allah ya sa mu dace, amin.