Alƙali Duke Slater da rigimar sunan filin wasan Iowa

Ran 14 ga Agusta 1966 wani alƙali ya rasu a birnin Shikago na Amurka, bayan fama da ciwon daji na ciki. Sunansa Frederick Wayman Slater, amma duk wanda ya san shi Duke yake ce masa, laƙabin da ya samo tun yana yaro daga sunan karen gidansu. Jaridun jihar Iowa kan tuna da shi, su buga hotonsa, su yaba. Abin da ba su cika daɗewa a kai ba shi ne abin da ya faru shekara shida bayan rasuwarsa, kuma a ganina nan labarin yake.

An haife shi a 1898 a garin Normal na jihar Illinois. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma aikin cocin ne ya kai iyalin garin Clinton a Iowa. Uban bai so ɗansa ya shiga ƙwallon Amurka ba, yana ganin wasan 'yan tauri ne da ke karya mutane. Ba ƙwallon ƙafar da muka sani ba ce: ana rungumar ƙwallon ne a ruga da ita, wasu ƙarti kuma a sahun gaba suna ture abokan hamayya, ƙirji da ƙirji kamar 'yan kokawa, don su buɗe wa mai gudu hanya. An ce yaron ya ƙi cin abinci na wasu kwanaki har uban ya sakko, bisa sharaɗin kada ya jiwo ciwo. Daga nan ya koyi ɓoye rauni, don kada a gani a gida a hana shi.

A makarantarsu kowane ɗan wasa shi ke sayen takalmi da hular kariyarsa. Kuɗin gidan ba za su kai duka biyun ba, sai ya zaɓi takalmi, wanda saboda girman ƙafarsa sai da aka yi odarsa daga Shikago. Haka ya riƙa shiga fili da kai a buɗe. Ko da ya je Jami'ar Iowa a 1918, inda akwai hular a kyauta, ya riga ya saba, yawancin wasanninsa babu ita ya yi.

Shekarar 1921 ce ta fito da shi. Iowa, ƙarƙashin mai horarwa Howard Jones, ta ci duk wasanninta bakwai. Wanda ba a mantawa shi ne karonta da Notre Dame ta mai horarwa Knute Rockne, wadda ta yi wasa ashirin a jere ba a doke ta ba. Iowa ta yi nasara da maki 10 da 7. Akwai hoton da aka ɗauka ran nan: Slater, kansa ba hula, ya danne 'yan Notre Dame, abokin wasansa Gordon Locke na bin hanyar da ya share masa.

Daga 1922 zuwa 1931 ya buga wa ƙwararru a gasar NFL, yawanci a Rock Island da Cardinals ta Shikago. Shekaru ne da ake rage baƙaƙen fata ɗaya bayan ɗaya, har aka kai lokacin da shi kaɗai ya rage a duk gasar. A 1924 ƙungiyarsa ta je wasa Kansas City aka bar shi a gefe, domin akwai fahimtar juna tsakanin masu ƙungiyoyi cewa baƙi ba ya shiga fili a jihar Missouri. An ci su. A Nuwamba 1929 kuwa abokin wasansa a Cardinals, Ernie Nevers, shi kaɗai ya ci maki 40 a kan ƙungiyar Bears, tarihin da har yau ba a karya ba. Sunan Nevers ne a littafi. Slater na cikin masu buɗe masa hanya tun daga farkon wasan har ƙarshe.

A cikin wannan hali yake komawa Iowa idan kakar wasa ta ƙare, yana karatun lauya. Ya karɓi digirinsa a 1928, ya soma aiki a Shikago tun bai ajiye ƙwallo ba. Bayan 1933 kuwa ƙofar NFL ta rufe wa baƙar fata ruf, ba ta sake buɗewa ba sai 1946. Masu ƙungiyoyin sun dage cewa ba wata doka da aka rubuta, ƙwararrun ne kawai ba a samu ba. Gaskiya ne ba a rubuta ba. Amma shekara goma sha biyu a ce ba a samu ko mutum ɗaya ba, alhali Slater da kansa yana horar da ƙungiyoyin baƙaƙe zalla a Shikago, cike da samarin da aka ƙi ɗauka? Wannan magana ba ta shiga hankali.

A 1948 aka zaɓe shi alƙali a kotun birnin Shikago. A can jama'a ke zaɓen irin waɗannan alƙalai da ƙuri'a, kuma ya samu kusan miliyan guda. Kotu ce ta talaka: rigimar haya, bashi, ƙananan laifuffuka, a birnin da baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar suka yi ta kwarara neman aiki aka cunkusa su a 'yan unguwanni. Ya yi shekara goma sha biyu a nan. A 1960 ya zama baƙar fata na farko a babbar kotun gundumar Cook da Shikago ke ciki, a 1964 ya koma sabuwar kotun da ta haɗe kotunan gundumar. Duk tsawon lokacin nan bai bar tura matasa baƙaƙe zuwa Iowa ba, su yi wasa su yi karatu.

To, sai 1972. Jami'ar Iowa na neman sabon suna ga filin wasanta da aka buɗe tun 1929. Sunan da ke bakin kowa shi ne Nile Kinnick, farar fata, jikan tsohon gwamnan jihar, wanda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1939. Shi ma ya fara karatun lauya, ya shiga sojan ruwa, ya mutu a 1943 da jirginsa ya faɗa teku yayin atisaye, yana ɗan shekara 24. Shugaban jami'ar, Willard Boyd, ya kawo shawarar a haɗa biyun, a ce filin Kinnick-Slater. Nan aka yi caa. Magoya baya suka ƙi, wani kwamitin jami'ar ma ya ƙi. Aka sasanta: fili na Kinnick shi kaɗai, Slater kuma aka ba shi wani ginin kwanan ɗalibai da ke kusa.

Masu kare wannan hukunci suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Sun ce Kinnick ya mutu a bakin aikin ƙasa, a filin nan ya yi wasa, Slater kuwa ya bar jami'ar tun ba a gina shi ba. Sun ce an daɗe ana neman sa sunan Kinnick, tun ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Duk haka ne. Amma Boyd bai ce a cire Kinnick ba. Cewa ya yi a ƙara suna ɗaya a gefensa, sunan mutumin da aka sa a rukunin farko na zauren gwarzayen ƙwallon jami'o'i a 1951, shi kaɗai baƙar fata a cikinsu, wanda kuma ya rayu har ya yi wa jami'ar hidima shekara arba'in. Hujjojin nan suna nuna dalilin girmama Kinnick, ba su nuna dalilin da zai hana wani ya tsaya kusa da shi ba. Ba na cewa duk wanda ya ƙi don launin fata ya ƙi. Sai dai ina lura cewa a daidai wannan lokaci, 1970 da 1971, sunan Slater ya kai zagayen ƙarshe na shiga zauren gwarzayen ƙwararru, sau biyu ana barinsa a baya, daga nan kuma aka daina ambatonsa. Ɗan sahun gaba ba shi da ƙididdigar maki da za ta yi masa magana, waɗanda suka gan shi da ido kuma suna ta mutuwa. Wannan ma ya cuce shi, amma ba shi kaɗai ba.

Sauran ya zo a gurguje, bayan kusan rabin ƙarni. A 2019 aka sassaƙa hoton nan na 1921 a jikin filin. A 2020 aka zaɓe shi shiga zauren gwarzayen ƙwararru. A 2021 hukumar da ke kula da jami'o'in jihar ta amince a kira dandalin da ake wasa a kai da sunan Duke Slater. Ginin kansa yana nan da sunan Kinnick shi kaɗai, shawarar da Boyd ya kawo kuwa har yau ba a karɓe ta yadda ya kawo ta ba.