Shirya Ƙarfe Kafin Fenti: Nazari kan Gadar Forth da Turakun Injinan Iska na Teku

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sabunta fentin Gadar Forth ta Sikotilan daga 2002 zuwa 2011, ta kuma kwatanta shi da halin da turakun injinan lantarki na iska ke ciki a teku. Matsayarta ita ce, aikin da ake yi wa ƙarfe kafin fenti ya hau shi ne ke yanke daɗewar kariyar.

Gadar Forth

An buɗe gadar a 1890, ƙarfenta ya haura tan 50,000, kuma iska mai gishiri ba ta raba ta da laima. Sama da shekara ɗari ana bin ta da fenti mai dalma, ana ɗora sabo a kan tsoho, tsatsa kuwa tana cin ƙarfen ta ƙarƙashi. A aikin 2002 sai aka sauya hanya. Aka lulluɓe kowane sashe don kada ƙurar dalma ta zuba cikin ruwa, aka yi ta feshin tsakuwa mai kaifi har ƙarfen ya fito tas da ɗan kaushi, wanda shi ne fenti ke kamawa. Sannan aka shafa hawa uku irin na ma'aikatun haƙar mai na Tekun Arewa: na ƙasa mai hana tsatsa, na tsakiya ifoksi mai ɓarɓashin gilashi, na sama mai jure rana. Ɓarɓashin nan yana kwanciya bisa juna kamar jinkar ɗaki, sai ruwa ya yi doguwar kewaya kafin ya kai ga ƙarfe. Aikin ya ci fenti lita 240,000 da kusan fam miliyan 130, ana kuma sa ran fentin zai kai shekara 25.

A ganina, wurin da ya fi cancantar kulawa shi ne kawunan ƙusoshin haɗi, kusan miliyan 6.5, da bakin kowane faranti. Fenti yana janyewa daga kaifi yayin bushewa, ya bar wurin da siriri. Shi ya sa ake bin irin waɗannan wurare da buroshi, ban da feshi. Haka kuma ba a shafawa sai zafin ƙarfen ya ɗara na saukar raɓa da digiri 3, domin laimar da ido bai gani ba ta isa ta ɓata aikin.

Turakun Teku

A nan lamarin ya fi tsanani. Sashen da ke nitse ana kare shi da dunƙulen alminiyom ko tutiya, su tsatsa ke ci a madadin ƙarfen. Wannan dabara ba ta aiki inda igiyar ruwa ke jiƙawa tana bushewa, kuma nan ne ƙarfe ya fi saurin lalacewa. Ma'aunin fentin kare ƙarfe na ISO 12944 ya ƙara rukunin CX domin irin wannan yanayi. Mai gyaran gada yana da inda zai kafa tsani. Mai gyaran turke kuwa sai ya jira teku ta lafa, ya hayi jirgi, ya shafa fenti kan ƙarfen da gishiri ke komawa kansa cikin sa'o'i. Don haka feshin tsakuwa, wanke gishiri da auna kaurin kowane hawa dole a kammala su a masana'anta, kafin turken ya bar tudu.