Auna gishirin ƙasa da ruwan ban-ruwa: abin da na'ura ke nunawa da abin da ba ta gani

A fadamun Gummi da Bukkuyum da Anka, manomin rani kan ga wani farin ɓawo kamar kanwa a bayan kunya, bakin ganye na ƙonewa, shuka na yaushi alhali ƙasa na da danshi. Sau da yawa gishiri ne ya taru: rana ta ƙafar da ruwa, ta bar gishirin da ke cikinsa, har saiwa ta kasa jan ruwa.

Ana gane yawansa da na'urar hannu mai auna yadda lantarki ke ratsa ruwa, awon da masana ke kira EC. Gwargwadon gishirin da ya narke, gwargwadon hawan lamba. Ma'aunin shi ne dS/m. Lamba 1 tana daidai da kusan miligiram 640 na gishiri a lita guda.

Bisa ƙa'idar Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ruwan da bai kai 0.7 ba ba shi da matsala. Daga 0.7 zuwa 3 sai da lura, abin da ya haura 3 kuwa haɗari ne. Ƙasa kuma, idan ruwan da aka tace daga taɓonta a ɗakin gwaji ya kai 4, ta zama mai gishiri. Juriyar amfanin gona ta bambanta: albasa kan fara raguwa daga 1.2, tumatir 2.5, shinkafa 3, alkama 6. Maganinsa shi ne a wanke gona da ruwa mai kyau, a buɗe magudanai, a daina zabga taki fiye da kima.

Sai dai na'urar tana da iyaka: ba ta gano gubar dalma. A 2010, dalmar da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a gidaje ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara, kuma Abare da Dareta da Yargalma na cikin ƙauyukan da abin ya shafa. Ƙasar da ta nuna ƙaramar lamba tana iya ɗauke da wannan guba. Don haka duk wanda zai zuba jari a lambu kusa da inda aka taɓa sarrafa zinare, ya nemi gwajin dalma daban kafin ya shuka.