Kafin Ki Rushe Murhun Tsakar Gida

Yau hirar tamu a madafa za mu yi ta, domin yanzu a Jega da Aliero da Maiyama, da zarar mace ta kwashi adashi sai ki ji tana maganar gyaran kicin: a sa tayil, a kafa kanta, a sayo gas. Kafin ki kira magini, zo mu waiwaya baya mu ga yadda aka yi muka iso nan.

Madafar kakanninmu duwatsu uku ce a gindin katanga, sai 'yar rumfar kara saboda rana. Tukunyar ƙasa, randa, turmi da dutsen niƙa, shi ke nan. Ba a kashe mata ko kwabo. Makamashi kuwa daji ke bayarwa: sabara, kalgo, geza, karan dawa bayan girbi. Amma fa kada ki ce kyauta ce. Da jiki ake biya, da ciwon baya da jajayen idanu. Abin da ya cece su shi ne a fili suke girki, iska na kwashe hayaƙin.

Fari na 1973 da na 1984 ya cinye daji, itace ya koma abin saye. A tsakanin nan ne kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata, a 1975, ga kuma siminti daga Kalambaina ta Sakkwato. Sai aka fara gina ɗakin girki da bulo da rufin kwano, risho ya shiga kayan ɗakin amarya. Kasuwar Jega, wadda tun ƙarni na 19 take tara fatake, ta cika da tukwanen ƙarfe da langa da kwalla. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, gidajen ma'aikata suka ƙaru, kalmar kicin ta zauna a bakinmu.

To ga inda gizo ke saƙar. An gina ɗakin ne don risho, shi ya sa tagarsa ba ta wuce tafin hannu biyu ba. A shekarun 1990 kananzir ya yi ɓatan dabo, har aka ƙago murhun garin katako da ake kira Abacha. Mata suka koma wa itace, amma wannan karon a cikin ɗaki rufaffe, ƙarƙashin kwano mai zafi, da goyo a baya. Dubi bangon irin waɗannan ɗakuna, baƙi ƙirin. Abin da ya manne a bango, irinsa ke shiga ƙirjinki da na yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya. A ganina wancan gyara ya fi cutar da mu fiye da rumfar da ya kora.

Kananzir bai sake dawowa daidai ba. Farashin gwamnati naira 50 ne lita har farkon 2016, ko da yake wa ya taɓa samunsa haka a bakin titi? Zuwa 2023 ya haura naira dubu. Gas ya zo, kowa ya ce an huta, kuma gaskiya ba hayaƙi, ba baƙin tukunya, shayin 'yan makaranta kafin ki ɗaura ɗankwali ya tafasa. Sai ga shi a 2024 kilo ɗaya ya wuce naira dubu, tukwanen gas da yawa suka koma bayan ƙofa, kurfoti da gawayi suka fito. A shekarar ce kuma buhun siminti ya taɓa naira dubu goma a wurare da dama.

Kin ga ke nan sau biyu ana gina mana ɗaki don wuta iri ɗaya, wutar ta gudu ta bar mu da ɗakin. Tayil yana da daɗin shara, ban musa ba. Amma faɗaɗa taga, da buɗe mafitar hayaƙi a sama, da ɗaga murhu a kan dakali yadda mai rarrafe ba zai kai ga tukunya ba, duka ba su kai kuɗin tayil ɗin bango ɗaya ba. Kanta kuwa, in katakon banza ne, gara ce za ta ci rabonta kafin damina biyu.

Sannan ki tuna irin girkinmu. Tuwon gidan mutum goma sha biyar ba ya tuƙuwa a kan ɗan kan gas, muciya za ta kifar da shi. Mai gumin shinkafa a Jega, da mai dafa wa 'yan aikin albasa abinci a fadamar Aliero, da mai ƙosai a bakin hanyar Maiyama, babu wadda za ta rayu ba murhun waje. Haka ranar suna da ranar biki. Idan kuma gidan na kishiyoyi ne, ku zauna da maigida a fayyace wa ke cika gas ranar girkin wa, tun kafin a sayo tukunyar. Murhun tsakar gidan nan, ki sa a yi masa rumfa mai tsawo, a lailaye shi da laka ya riƙe zafi, ki bar shi inda yake.