Fijon Masallaci: Kafin a Kira 'Yan Gwangwan



Duk mai yin sallah tare da mu ya san farar motar nan da ke fake a gindin katangar masallaci, an lulluɓe ta da tampol. Peugeot 504 ce doguwa, wadda mu muke kira Fijo wagon. Tun bayan ƙaramar Sallah ba ta tashi ba, kuma yanzu kan kwamiti ya rabu biyu. Wasu sun ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta, tunda har sun zo sun yi tayi. Wasu kuma sun ce a gyara. Kafin a yanke hukunci, mun ga ya dace matasanmu su san mece ce wannan mota, daga ina ta fito, kuma me ya sa ta kai shekara arba'in tana aiki alhali motocin da suka zo bayanta sun daɗe da zama tukwane.

Ita Fijo 504 a Faransa aka fara ƙera ta a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Amma a Afirka ta yi suna. A 1975 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan jar ƙasa da taɓo da duwatsu. A wannan shekarar ce kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Lokacin tashar jirgin ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, don haka ta sama aka riƙa kawo sassan motar daga birnin Lyon zuwa filin jirgin Kano, a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna, 'ya'yan ƙasar nan su haɗa. Ku ji fa, mota sukutum a cikin akwatuna, ta jirgin sama.

Zamanin kuɗin mai ne. Ma'aikata sun karɓi kuɗin Udoji, kowa na neman abin hawa. Gwamnati ta kafa irin waɗannan masana'antu a wurare da dama: Volkswagen a Legas, mai yin motar da muke kira kunkuru, da Leyland nan Ibadan, da Steyr a Bauchi, da masu haɗa manyan motoci a Kano da Enugu. Bayan rasuwar Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ce a rage fankama, manyan gwamnati su hau 504. Sai ya zama motar da kwamishina ke hawa ita ce direban tasha ke lodi da ita. Wannan ya yi mana rana ƙwarai, domin duk garin da ka shiga akwai wanda ya san cikinta, akwai mai sayar da kayanta.

Mu mutanen Sabo, tarihinmu tarihin hanya ne. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, iyayenmu suna tura goro arewa, shanu suna gangarowa kudu. Jirgin ƙasa ne ya fara ɗaukarsu, daga baya manyan motoci suka karɓe kaya. Amma mutum, da saƙo, da amana, Fijo ce ta riƙa ɗauka. Wagon tana cin fasinja bakwai a jere uku. A tashi da asuba a bi Oyo, Ogbomosho, Ilorin, a haye gadar Jebba, a tsaya Mokwa a yi sallah a ci abinci, a miƙe Tegina da Birnin Gwari sai Kaduna, Zariya, Kano. Babu wayar hannu, babu tura kuɗi ta banki a minti ɗaya. Fatake su ƙulle kuɗi a leda su ba direba, ya cusa a ƙarƙashin kujera, ya kai wa mai shi har ƙofar gida ba tare da kwabo ya yi ciwon kai ba. Da yawanmu da aka tura karatun allo arewa, a kujerar baya ta wagon muka tafi muna kuka. Da yawa daga cikin iyayenmu mata a cikinta aka kawo su amare.

Tamu ta masallaci, dattawanmu ne suka haɗa kuɗi suka saya a farkon shekarun 1980, a hannun wani ma'aikaci da ya ɗan hau ta. Niyyarsu ɗaya: kada a sake ɗaukar gawar ɗan'uwa a bayan a-kori-kurar haya, kuma kada mace ta haihu a bakin titi don an rasa mota da tsakar dare. Aka cire kujerun baya yadda makara za ta shiga. Allah kaɗai ya san adadin waɗanda ta kai asibitin UCH da dare, da waɗanda ta raka makwancinsu. Mahaifan da yawa daga cikin masu cewa a sayar, ita ce motar ƙarshe da suka hau a duniya.

To, me ya sa ta daɗe haka? Mutane suna cewa ƙarfen da ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. An ƙera ta ne yadda mai hannu da basira zai iya gyarawa. Injinta mai fistin huɗu ne, babu kwamfuta a ciki. Mai yana bi ta kafireto, wuta tana bi ta kwantak da fulogi. In ta ƙi tashi, abu biyu za ka duba: akwai mai, akwai wuta? Sarƙa ce ke juya cikin injin, ba bel ɗin roba ba. Ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki kuwa, riguna ne na ƙarfe da ake zarewa. In sun cinye sai a sa sababbi da fistin da zobba, inji ya koma kamar yau aka fito da shi. Ƙafafun baya ke tura ta, kuma wagon tana da sifirin huɗu a baya, shi ya sa take ɗaukar kaya ba ta durƙusa ba. Cikinta kuma a ɗage yake daga ƙasa, rami ba ya ba ta tsoro.

Sai dai duk wannan ba zai yi amfani ba in babu mai kula. Tamu tun farko hannu ɗaya ke taɓa ta: wani dattijo Bayarabe da garejinsa ke kusa da mu, wanda kowa ke kira Baba. Shi kuma Alfa yake ce mana. Ya sa wa direbobinmu doka, kuma dattawa suka tsaya a kai. Kowace safiya kafin a murza makulli, a duba ruwan lagireto, a zaro sanda a duba baƙin mai, a taɓa fanbel a ji ko ya saki. Baƙin mai a canza shi a kan lokaci ko da motar ba ta yi tafiya mai nisa ba. In allurar zafi ta hau, a tsaya nan take, domin abin da ke kashe Fijo shi ne zafi: gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Kada a zuba ruwan sanyi a injin da ke tafasa. Da damina kuma a ɗaga tabarmar ƙasa a shanya, saboda ruwan kudu tsatsa yake haifarwa, kuma daga ƙasa take cin mota ba ka sani ba. Akwai wani littafi mai baƙin bango a akwatin gaba, duk abin da aka canza an rubuta, wani da boko wani da ajami. Yana nan har yau, duk mai so ya zo ya gani.

Ba za mu manta ba, a lokutan da gari ya ɗauki zafi tsakanin ƙabilu, kowa ya shige gida ya kulle, motar nan ta sha kwana a garejin Baba. Ya rufe ta da buhuna, ya ce wa duk mai tambaya tasa ce. Da ƙura ta lafa ya turo yaronsa da makulli. Zaman da muke yi da maƙwabtanmu ba a takarda aka rubuta shi ba, irin waɗannan abubuwa ne suka gina shi.

Daga 1986 al'amura suka juya. Gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, aka karya Naira. Kuɗin da a 1980 ya fi dala daraja, sai ga dala ɗaya tana neman Naira huɗu. Tunda yawancin sassan mota daga waje ake sayo su, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai motocin gwanjo na Turai suka cika ƙasa, waɗanda Yarbawa ke kira tokunbo, mu kuma mu ce Beljiyam. Masana'antu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kaduna ta daure da 504 har wajen 2006, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Masu yin taya ma, Michelin a Fatakwal da Dunlop a Ikeja, suka daina a 2007 da 2008. Da motocin suka canza, hali ma ya canza. Da, in abu ya lalace a buɗe shi a gyara. Yanzu a cire a jefar, a je Gate ko Ladipo a sayo wani tsohon a ɗaura.

Masu cewa a sayar suna da hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Fijo tana shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. Kayanta na asali sun yi wuya, jabu sun yi yawa. Ba ta da na'urar sanyaya ciki, ba ta da jakar iskar da ke kare mutum in an yi karo. Ba mota ce da za a sake kama hanyar Kano da ita ba, mu ma ba mu ce haka ba.

Amma mu tambayi kanmu: kuɗin da 'yan gwangwan za su ba mu, zai sayi ko ƙafa huɗu na wata motar? In an sayar yau, gobe da ƙarfe biyun dare wa za a buga wa ƙofa? Aikinta daga nan zuwa asibiti ne, daga nan zuwa maƙabarta. Baba ya duba ta, ya ce gaskit ne ya ƙone, kan inji yana son a kai a daidaita shi, lagireto a wanke, birki a sake masa roba, mai walda ya toshe ƙasan kujerar direba. Ya ce injin kansa lafiya lau. Kuma gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce, ba tsufa ne ya kwantar da ita ba. An tuƙa ta ba ruwa a lagireto. In kun buɗe littafin nan mai baƙin bango, za ku ga shekara uku ke nan ba wanda ya rubuta komai. Laifinmu ne gaba ɗaya, har da mu masu jan sallah, domin kayan jama'a amana ne, kuma abin da aka saya don Allah ba a barinsa ya ruɓe a gindin katanga.

Abin da ya fi motar damunmu shi ne Baba ya tsufa, idonsa ya fara rauni, yaransa kuma duk sun koma acaba. Ranar da ya tafi, ilimin shekara hamsin ya tafi. Ga matasanmu nan zaune a bakin titi daga safe har yamma. Shawararmu ita ce a gyara motar, a ware kaɗan daga asusun Juma'a don mai da kula, a damƙa makulli da littafi a hannun mutum ɗaya da za a riƙa tambaya. Sannan a zaɓi yara biyu masu hankali su tsaya a kan gyaran daga farko har ƙarshe. Mun yi wa Baba maganar, ya ce: "Alfa, ku kawo su, in dai za su zo da safe." Wanda ya koyi inji a kan Fijo, inda komai a fili yake, ba zai sha wuyar gane na zamani ba.

Za a zauna a kan maganar ranar Juma'a bayan sallar la'asar. Muna roƙon kowa ya zo, musamman waɗanda motar nan ta taɓa ɗaukar nasu. Allah ya jiƙan dattawan da suka saye ta, ya ba Baba lafiya, ya sa mu fi ƙarfin amanar da aka bar mana. Amin.