Daga Burkutu Zuwa Goskolo: Tarihin Haɗin Gwiwar Al'umma Wajen Yaƙi da Shaye-Shaye a Jos

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin biranen Arewacin Nijeriya zai tarar cewa Jos ta fita daban game da sha'anin giya. A Kano ko Sakkwato ko Katsina, sarakuna da malamai da talakawa sun daɗe da yin ittifaƙi a kan cewa giya haramun ce, saboda haka mashayi ya san yana saɓa wa jama'a ne, sai dai ya ɓuya ko ya nufi Sabon Gari. A Jos kuwa ba a taɓa samun irin wannan ittifaƙi ba, domin gari ne da haƙar kuza ta tara wa mutane daga ko'ina, kowa da addininsa da al'adarsa. Abin da wani ya ɗauka saɓo, wani abincin gona ya ɗauke shi. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi ta ƙoƙarin shawo kan shaye-shaye a wannan gari tun daga zuwan Turawa, ta kuma nuna cewa doka ita kaɗai ba ta taɓa wadatarwa ba, kuma haɗin gwiwar jama'a bai yi tasiri ba sai a inda aka fara daidaitawa a kan ma'anar kalmomin da ake amfani da su.

2.0 Haramcin Turawa da Barikin Kuza

Tun kafin Turawa su hau tsaunukan Filato, ƙasashen Turai sun riga sun yanke shawara a taron Brussels na 1889 zuwa 1890 cewa za a hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. A kan wannan yarjejeniya ce Lugga ya dogara bayan kafa mulkin mallaka a Arewa a 1900, ya haramta sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai. Dokar giya ta 1917 ta ƙara tsara al'amarin, inda ta kasa Nijeriya zuwa yankunan haramci da yankunan lasisi da kuma yankunan taƙaitawa. Sai dai haramcin bai shafi Bature ba, shi yana da izininsa. Haka kuma bai kai ga giyar gargajiya a ƙasashen da ba na Musulmi ba. Masana tarihi irin su Ayodeji Olukoju da Simon Heap sun nuna yadda fasa-ƙwauri ya mayar da wannan haramci abin wasa, musamman bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Kudu da Arewa. Ƙaramar hanyar dogo daga Zariya ta iso Jos a 1914, babbar hanya daga Fatakwal kuma ta iso a 1927, kuma kwalba ba ta da wuyar ɓoyewa a cikin kayan fasinja.

Ga Birom da Anaguta da Afizere da sauran ƙabilun Filato, burkutu ba abin holewa ba ne kawai. Daga dawa ake yin sa, mata ne ke dafa shi, da shi ake sallamar 'yan gayya, da shi ake bikin aure da na girbi da jana'iza, da shi kuma ake sulhunta masu husuma. Robert Netting, wanda ya zauna cikin Kofyar a kudancin Filato, ya bayyana a wata maƙala ta 1964 cewa giya ce ma'aunin daraja a rayuwarsu, amma duk da yawan shanta bai ga ta zame musu cutar da ta zame wa Amurkawa ba. Dalili kuwa shi ne akwai lokacin sha, akwai wurin sha, kuma a gaban dattawa ake sha.

Barikin kuza ne ya raba giya da waɗannan ƙa'idoji. Lebura ya baro Kano ko Bauci ko Barno, ba mata ba dangi, ana biyan sa kuɗi a hannu duk ƙarshen mako. Bill Freund, a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza, ya nuna cewa kamfanoni ba su ƙi jinin giya da caca da karuwanci a sansanoninsu ba, domin leburan da kuɗinsa ya ƙare ranar Lahadi dole ya koma rami ranar Litinin. Al'amarin ya ƙara tsananta daga 1942 zuwa 1944, lokacin da aka tilasto dubun-dubatar mutane aikin kuza saboda Yaƙin Duniya na Biyu. A irin waɗannan wurare ne kalmar bariki ta ƙara nisa da ma'anarta ta asali, har aka samu ɗan bariki da barikanci, wato rayuwar wanda ya kuɓuce wa idon gida.

3.0 Masallaci da Coci: Kowa a Gonarsa

Waɗanda suka fara tunkarar matsalar daga cikin jama'a su ne ƙungiyoyin addini, amma kowa a gonarsa. Mishan ɗin SUM, wanda ya sauka Wase a 1904, da na SIM, wanda ya mayar da Jos hedkwatarsa, sun sanya barin giya cikin sharuɗɗan zama cikakken ɗan ikilisiya. Coci-cocin da suka gaje su, wato COCIN da ECWA, sun riƙe wannan matsayi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga sabon tuba, domin wanda ya ƙi burkutu ya ƙi gayya ke nan, ya kuma ware kansa daga 'yan'uwansa. Cocin Katolika ba ta tsananta haka ba, ita buguwa ta hana, ba sha ba. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata sun taka rawa sosai a nan, kuma ba abin mamaki ba ne: mace ce ke dafa giyar, ita ce kuma ke shan dukan wanda ya bugu. Abin lura ga masu nazarin harshe shi ne, da Hausa aka yi mafi yawan wannan wa'azi, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

A ɓangaren Musulmi, hukuncin a fili yake tun asali, kuma kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 ya tanadi horo ga Musulmin da ya sha giya. Adabi ma ya shiga cikin muhawarar. Mu'azu Haɗeja ya rubuta Waƙar Giya yana jan kunne, Mamman Shata kuwa ya yi tasa waƙar da mashaya suka ɗauka a matsayin kariya, inda ya sakaya giya da sunan ruwa. Kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, a ƙarƙashin Shaikh Isma'ila Idris, ya kawo sabon salo na wa'azin fili da makarantun dare da 'yan agaji masu kayan sarki, wanda ya janye samari da dama daga yawon bariki. Amma a daidai waɗannan shekaru ne kamfanin giya na Jos, wanda gwamnati ke da hannu a cikinsa, ya fara fitar da giyar Rock. Wato hukuma na karɓar haraji da riba daga abin da masallaci da coci ke tsinewa.

4.0 Zuwan Ƙwaya da Shigowar Masana

Daga tsakiyar shekarun 1980 yanayi ya sauya. Farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, shirin tsuke bakin aljihu ya biyo baya a 1986, samari suka rasa abin yi. Gwamnatin soja ta ɗauki hanyar tsoratarwa: Doka ta 20 ta 1984 ta tanadi kisa ga masu fataucin miyagun ƙwayoyi, aka kuma harbe mutum uku a Legas a watan Afrilu na 1985. Daga baya aka soke hukuncin kisan, Doka ta 48 ta 1989 ta kafa hukumar NDLEA, wadda makarantar horar da jami'anta take a Jos.

Muhimmin abin da ya faru a Jos a wannan zamani ba daga hukuma ya fito ba. A 1990 Isidore Obot, malamin nazarin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Jos, ya kafa cibiyar bincike da yaɗa bayanai kan shaye-shaye wadda aka fi sani da CRISA. Cibiyar ta riƙa shirya taro duk bayan shekara biyu, tana haɗa likitoci da malaman jami'a da jami'an tsaro da ma'aikatan jin daɗin jama'a, ta kuma fara buga mujallar Afirka kan nazarin ƙwaya da giya a 2000. Amfaninta shi ne ta samar da zaure na uku, wanda ba masallaci ba ne ba kuma coci ba, inda ake kallon mashayi a matsayin majinyaci. A Amurka ma a wannan lokaci ne ra'ayin ya yi ƙarfi, inda aka kafa gamayyar CADCA a 1992 a kan cewa iyaye da makaranta da malaman addini da 'yan kasuwa da 'yan sanda su zauna tebur ɗaya. Daga baya CRISA ta koma Uyo, amma tana cikin waɗanda suka gudanar da babban binciken ƙasa na 2018, tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwaya da laifuffuka. Binciken ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, ban da giya da taba. Daga cikinsu miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce.

5.0 Garin da Ya Rabu

Rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun raba Jos gida biyu. Musulmi suka tattare a unguwanni irin su Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos, Kiristoci suka koma irin su Kabong da Jenta, kowa yana tsoron ƙetarawa. Gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 ta ƙara yawan marasa aiki. Wannan rabuwa ta yi wa yaƙi da shaye-shaye illa ta fuska biyu. Da farko, ta yanke zumuncin da ke tsakanin masu unguwanni, ta yadda dillalin da aka kora daga nan sai ya tsallaka can, inda ba mai bin sa. Na biyu, kuma wannan ne ba a cika son faɗa ba, samarin da ake kuka da su a lokacin zaman lafiya su ne ake kira masu tsaron unguwa idan rikici ya tashi. Da wuya dattijo ya tsawata wa yaron da jiya ya kwana yana gadin ƙofarsa. Masu sayar da kayan maye kuwa ba su taɓa sanin iyakar addini ba. Wuraren sha da ake kira jongul suna cikin 'yan tsirarun wuraren da samarin ɓangarorin biyu ba su daina haɗuwa ba.

Duk da haka, daga cikin aikin sulhu ne haɗin gwiwar ya sake tsirowa. Jana Krause, a littafinta na 2018, ta nuna yadda unguwar Dadin Kowa ta tsira daga kashe-kashe saboda dattawa da limamai da fastoci da ƙungiyoyin mata sun haɗa kai sun riƙe samarinsu, sun kuma hana na waje shigowa. Cibiyar tattaunawa da sulhu da Akbishop Ignatius Kaigama ya kafa a 2011, da Hukumar Gina Zaman Lafiya ta Jihar Filato da aka kafa a 2016, sun samar da wuraren zama inda shugabannin Jama'atu Nasril Islam da na ƙungiyar Kiristoci ta CAN da sarakuna da matasa ke haɗuwa. A irin waɗannan tarurruka, shaye-shaye na cikin 'yan batutuwan da ba a jayayya a kansu, alhali maganar ɗan ƙasa da baƙo ko mallakar Jos ta Arewa nan take take tayar da jijiyar wuya.

Goskolo ne ya fi komai haɗa kan mutane. Barasa ce mai arha da ake haɗawa a ɓoye, ba ta da wani matsayi a al'ada, kuma likitoci sun sha danganta ta da ciwon hanta da na ƙoda a tsakanin samari. Mai kare burkutu ba ya kare ta, mai sayar da giyar kwalba ma kishiya ya ɗauke ta. A zamanin Gwamna Simon Lalong, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, gwamnati ta sanar da haramta ta, amma sanarwar ba ta kawar da ita daga lunguna ba. Haka aka gani da kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana a watan Mayu na 2018 bayan wani rahoton BBC: farashi ya tashi, mashaya suka nemi madadi.

6.0 Batun Kalmomi

A nan ne aikin ya shafi masana harshe kai tsaye. Hausa ce harshen da Birom da Angas da Bahaushe da Bafulatani ke tattaunawa da shi a Jos, amma kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu a zaure ɗaya. Idan liman ya ce giya, yana nufin duk abin da ke bugarwa, daga fito har wuski. Idan dattijon ƙauye ya ji, sai ya ɗauka ana shirin taɓa tukunyar matarsa, wadda da ita ake biyan kuɗin makarantar yara. Da alama wannan ne ya sa kalmar shaye-shaye ta fi karɓuwa, domin ninkin da ke cikinta yana nuni ga yawa da barkatai, ba ga wani abin sha guda ba.

Su kuwa mashaya kullum suna gaba da masu wa'azi wajen ƙirƙira. Sholisho ya samo suna daga kalmar Ingilishi ta ruwan gam ɗin facin taya, roci daga sunan kamfanin Roche, benelin daga maganin tari na Benylin. Wiwi ya zama ganye, ƙwaya ta tashi daga ma'anar tsaba ta koma sunan dukkan magungunan maye, har aka samu ɗan ƙwaya. Zaƙami, wanda aka sani tun da can, shi ne ake yi wa laƙabi da haukata-yaro. Amma har yanzu Hausa ba ta tsayar da kalma ɗaya ba ga halin da jiki ke kamuwa har mutum ya kasa bari. Wasu kan ce jaraba, wanda ke ɗora laifi a kan hali. Wasu su ce sabo, wanda ya yi sauƙi da yawa. Wasu kuma kamu. Haka nan wurin jinya: a bakin mutane da yawa gidan mari ne, kuma abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, na ɗaruruwan mutane, wasunsu cikin sarƙa, ya nuna abin da wannan suna ke nufi a aikace. Iyayen da aka ce su kai ɗansu cibiyar gyaran hali a Jos sukan fara da tambayar ko za a ɗaure shi.